Abin da Umma ta Ƙulle a Haɓar Zane

Umma ta samu sauƙi, alhamdu lillahi. Da wannan zan fara don kada hankalin mai karatu ya tashi. Yanzu haka tana gidanmu na Unguwar Shanu tana ɗinkin hularta, tana faɗa da awakin maƙwabta. Abin da ya zaunar da ni rubutun nan wata mata ce da na ji a layin rigakafi kwanan baya, tana ba da labarin sun ware wa kakarsu kwano da buta saboda ana yi mata gashin ciwon daji a asibiti. Na buɗe baki zan yi mata bayani ke nan aka kira lambata, da na fito ta tafi. To ga bayanin, ko Allah zai sa ya kai gare ta ko ga wani mai irin halinta.

Ɗan ƙululu ne ya fito wa Umma a mama na hagu, ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi. Ta ɓoye shi wata huɗu. Ni kaɗai Allah ya bar mata cikin 'ya'yan da ta haifa, kuma ni ce ta fari, don haka ko sunana ba ta faɗa, balle ta buɗe mini ƙirjinta. Anti Rabi, ƙanwarta, ita ta gani wata rana suna canza kaya za su gidan suna. Ta kira ni a waya tun ba su fita ba.

Daga ranar da aka ce ciwon daji ne gidanmu ya cika da likitocin da ba su taɓa shiga aji ba. Kowa maganarsa ɗaya: daji ba ya son ƙarfe, in aka taɓa shi da allura ko wuƙa shi ke nan ya fusata. Aka kawo garin magani a ƙullin leda, aka kawo wani baƙin mai mai warin gaske. Addu'a da rubutun sha mun karɓa hannu bibbiyu. Sauran kuwa na tattara na zuba a kwata, a gaban mai kawowa, don ni ba a san ni da haƙuri ba. Akwai dangin da har yau gaisuwarmu sama-sama ce, ban kuma yi nadama ba.

Aka yi aiki aka cire maman. Bayan ya warke aka shiga ƙarin ruwan maganin nan mai zubar da gashin kai, duk bayan mako uku. Wanda bai yi jinya a asibiti ba bai san tsawon benci ba. Mu fita bayan sallar asuba, mu tarar da mutum talatin a gabanmu, ka rasa ko a nan suka kwana. Sau biyu katin Umma yana ɓata, sau biyu ina ɗaga murya har mai gadi ya leƙo. Amma a wurin nan dai akwai wata nas da ke ajiye wa Umma kujerar kusa da taga saboda ta lura warin magani na tayar mata da zuciya. Ban san sunanta ba, ina sa ta a addu'a.

Ana cikin wannan na samu ciki, bayan shekara uku da aure ba ko ɓatan wata. Da Anti Rabi ta gaya wa Umma, sai ta juya fuska bango. Washegari ta aika a sayo mata sabuwar tukunyar dafa ruwan wanka, katuwa, ta sa aka kife ta a bayan ƙofa. Haihuwar fari a gida ake yi, uwa ke yi wa 'yarta wankan jego, haka aka yi mata, haka take jira ta yi mini. Ranar da amai ya galabaitar da ita sai in ga tana kallon tukunyar nan.

Cikina na wata biyar likita ya ce saura gashi. Na riƙe maganarsa: "Mun cire abin da ido ya gani, yanzu za mu bi wanda ido bai gani ba." Aka tura mu wani babban asibiti a wajen Kaduna inda injin yake, Litinin zuwa Juma'a, mako biyar. Kullum a hau mota a Kawo da sassafe, a dawo bayan azahar. Gashin kansa ba ya kai minti goma, ba wuta ba hayaƙi, wani haske ne da ido ba ya gani injin ke aikawa daidai wurin ciwon. Jiran layi da hanya su ne aikin.

A nan Hajiya ta shigo, uwar maigidana. Tsohuwar malamar makaranta ce, tana zaune a Unguwar Dosa, mace mai tsabta da ƙa'ida, wadda in ta ce a'a ko ɗanta ba ya sake tambaya. Ta kira mu ta ce ta taɓa gani an rubuta a ƙofar ɗakin hoton ƙashi cewa mai ciki kada ta shiga. In hoton ƙiftawar ido ya isa a hana mai ciki, ina ga mutumin da ake dura wa hasken nan kullum, ya kwaso shi a jikinsa ya kawo gida? Don haka daga yau ba ni ba Unguwar Shanu. Zancen zuwa wanka gida kuma a bar shi, ita za ta yi mini a ɗakinta.

Na yi kuka, na yi fushi, na daina yi wa maigidana magana kwana biyu, shi da bai ci ba bai sha ba. Amma gaskiya ɗaya ce, Hajiya ba mugunta ta sa ta ba. 'Yarta ta yi ɓari sau uku kafin ta samu mai zama, wanda maciji ya sara kuwa in ya ga tsumma sai ya gudu. Ni kaina da na kwanta na dafa cikina sai in ji tsoro ya ɗarsu mini, in ce in fa gaskiyarta ce?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Umma ta yarda. Magana ta zaga unguwa, mata masu shigowa karɓar zare suka koma tsayawa daga zaure. Ita da kanta ta ware kwanonta da kofinta, ta hana Anti Rabi kwana ɗaki ɗaya da ita. Ta aiko mini cewa in bi maganar Hajiya, yarinyar nan kada ta kuskura ta zo. Ta kuma sa aka mai da tukunyar wankan cikin sito.

A kwana na uku da fara gashin maigidana ya rufe shagonsa na gyaran firji ya raka su, ya tambayi likita. Likita ya ce babu abin da ke zama a jiki, in an kashe injin ya ƙare, kamar yadda ɗaki ke komawa duhu in an kashe ƙwan lantarki. Maigidana ya ce shi ya gamsu, amma akwai wata a gida da baki ba ya gamsar da ita. Wani dattijo a ɗakin, Malam Iliya, ya yi dariya. Shi ba likita ba ne, shi ke lissafa yawan hasken da za a ba kowane marar lafiya. Ya nuna wani ɗan abu na roba maƙale a aljihun rigarsa, bai kai gidan ashana ba, ya ce duk ma'aikatan wurin suna ɗauke da irinsa.

Ga yadda ya bayyana, maigidana ya kawo mana, daga baya kuma na ji da kunnena. A cikin robar akwai ƙananan ƙwayoyi farare kamar tsakin shinkafa. Duk hasken gashin da ya ratsa su sai su shanye su riƙe, kamar soso da ruwa. In ana so a san nawa suka sha sai a sa su a wata na'ura a gasa su. Zafin shi ne matsar soson, sai su saki abin da suka riƙe ya fito a matsayin ɗan ƙyalli, na'urar ta auna. Ƙyalli da yawa, sun sha da yawa. Kuma sau ɗaya ake karantawa, in an matse ya tafi, shi ya sa ba a ajiye su kusa da murhu ko dutsen guga.

Malam Iliya ya ba maigidana guda biyu aro. Ɗaya a maƙala wa Umma da zarar ta dawo gida, ta yini da shi ta kwana da shi, da safe ta cire ta bar shi a gida. Ɗayan a ajiye a gidan da Umma ba ta zuwa, domin ƙasa da bango da sararin sama ma suna ba da ɗan nasu kaɗan, kowa na sha tun ranar da aka haife shi. Bayan kwana goma a kawo a gwada. In Umma na fitar da wani abu, nata zai fi.

Hajiya ta karɓi na biyun ta juya shi, ta ce ita ta san irin wannan, abin da aka yi don kwantar da hankalin mutane ba zai taɓa nuna komai ba. Amma ta sa shi a durowar madubinta ta kulle.

Mako na biyu fatar ƙirjin Umma ta fara duhu tana ƙaiƙayi. Gajiya kuwa, Anti Rabi ta ce a mota take barci tun kafin a bar Kawo. Wannan ta ce a shafa man shanu, waccan ta ce man kaɗanya, nas ta ce kada a shafa komai sai abin da suka bayar. Duk a waya nake jin wannan. Ina Kaduna, uwata na Kaduna, tafiyar keke ɗaya tsakaninmu, ina tambayar wata yadda fatar uwata take. Na tsani wayar nan a kwanakin.

Ranar gwaji muka tafi har da ni, don ɗakin Malam Iliya yana wani gini daban, nesa da injin. Umma ta zauna a benci can ƙarshen baranda, ta ƙi matsowa. Na hango ta ta rame, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Muka shiga ni da Hajiya da maigidana. Na'urar ba ta fi ƙaramin akwati ba, da ɗan aljihu da ake jawowa, ga kwamfuta a gefe. Na zaci zan ga walƙiya. Malam Iliya ya ce ƙyallin ya yi ƙanƙanta ga idon mutum, akwai wani ido a ciki mai gani a duhu, mu dai mu kalli zanen da zai fito. Ya ɗauki na Hajiya da ɗan hantsaki ya sa. Layi ya tafi a kwance, ya ɗan yi tudu kamar kunyar gyaɗa, ya sauka. Ya sa na Umma. Layin ya miƙe sama kamar zai fita daga gilashin kwamfutar.

Na nemi kujera na zauna. Hajiya ba ta ce "na faɗa muku" ba, na kuma gode mata da wannan, hannu kawai ta ɗora a kafaɗata. Malam Iliya ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce shekararsa ashirin da wani abu a aikin nan, jikin mutum ba ya yin haka, wannan abin ya shiga ɗakin injin. Ya ce a kira masa Umma.

Umma ta tsaya daga bakin ƙofa. Ya tambaye ta a hankali inda take ajiye abin in za ta fito da safe.

"Ajiyewa kuma?" in ji Umma. "Kayan gwamnati, an ba ni amana, in bar shi a gidan haya yara na shiga suna fita? Cire shi nake daga riga kamar yadda aka ce. Sai in ƙulle shi a nan."

Ta kama haɓar zanenta ta nuna. Nan take ƙulle kuɗin mota da goro tun ina yarinya. Riga ake sa ta cirewa a ɗakin gashi, ba wanda ya taɓa cewa ta kwance zane. Kwana bakwai abin nan yana shiga ƙarƙashin injin tare da ita.

Malam Iliya ya yi dariya har da tari. Maigidana ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa haushi ne ya turnuƙe ni, na ce Umma yanzu don Allah, sai kuma kuka ya ƙwace mini, ban san na haushi ba ne ko na sauƙi. Umma ta tsaya tana kallon ƙasa kamar yarinyar da ta fasa tulu.

Hajiya ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta matsa kusa da kwamfutar tana duban dogon layin nan. Ta tambaya, wato abin yana nunawa in akwai? Malam Iliya ya ce ga shi kuwa ta gani. Sai ta ce a ba su wasu biyun a sake, amma wannan karon ita za ta riƙa karɓar na Umman Hadiza (haka take kiran Umma, da sunana) da hannunta kowace safiya, don ta ga alama amanar ta yi yawa.

Haka aka yi. Kullum bayan asuba Hajiya ta hau keke mai ƙafa uku daga Unguwar Dosa zuwa Unguwar Shanu. Kada abin ya bar gidan lissafi ya rikice, sai ta sayo ƙaramin gwangwani mai kwaɗo, a sa shi a ciki a gabanta, ta kulle ta tafi da makulli, ta bar wa Anti Rabi ɗayan makullin don in sun dawo su buɗe. Kwanakin farko daga zaure take tsayawa, a miƙo mata. Anti Rabi ta ce ran na huɗu aka yi ruwa, dole ta shigo rumfa. Ran na shida ta ga abin da Umma ke karyawa da shi, ta ce wannan ba abincin mai jinya ba ne, washegari ta zo da kunun gyaɗa a fulas. Kafin mako ya zagayo tana zama a bakin gado tana yi wa Anti Rabi gyaran yadda ake ɗaura wa Umma riga don kada ta goge fatar. Ni dai har lokacin ba a ɗage mini doka ba. Hajiya ta ce ita ta tsufa, ba abin da za ta haifa, ni kuwa sai ta ga zane.

Mako na huɗu shi ne mafi wuya. Fatar ta saɓule a ƙarƙashin hammata, tana ruwa. Injin ya tsaya kwana biyu, suka je suka dawo a banza, ga wahalar mota ga ta jiki. Umma ta ce ita ta gaji, a bar ta haka. Hajiya ce aka ce ta dube ta ta ce, "Umman Hadiza, ni ban iya wankan jego ba, nawa 'ya'yan ma kakarsu ce ta yi musu. In kin ajiye, wa zai yi?" Ƙarya take yi, ta iya sarai. Umma ta tashi ta ɗaura zane.

Aka gama gashi ranar wata Talata, saboda kwana biyun da aka rama. Ranar muka koma ɗakin Malam Iliya, Hajiya riƙe da abubuwan biyu a jakarta, kowanne a ambulan ɗinsa da ta rubuta wa suna da jan biro. Ya sa na durowarta, ɗan tudu ya fito. Ya sa na Umma, wanda ya yini ya kwana a ƙirjinta kusan mako uku. Ɗan tudu ya fito, ɗan'uwan wancan, in ba an gaya maka ba ba za ka bambance su ba. Hajiya ta sa aka ɗora zanen biyu wuri ɗaya, ta sa tabarau, ta duba kamar mai makin jarrabawa. Ta ce a buga mata a takarda, akwai matan unguwa da za ta nuna wa.

Na fita baranda na nufi Umma. Ta miƙe za ta matsa, na riƙe mata hannu. Mako biyar rabon da in taɓa ta. Hannun ya yi sanyi, ya yi ƙashi, tana ta ƙoƙarin zare shi tana cewa a dai bi a hankali.

Ga abin da nake so mai jinya ya riƙe. Irin gashin da aka yi wa Umma, na injin da ke haskawa daga waje, ba ya bin mutum gida. Akwai wasu magungunan daban da likita zai ce a yi nesa na 'yan kwanaki, in naku ne za a gaya muku, ku tambaya kada ku yi kintace. Ku ci a kwano ɗaya da marar lafiyarku. Ciwon da kansa ya ishe shi kaɗaici. In kuma an ba tsohuwa abu an ce ta bari a gida, ku bincika zanen.

Na haihu namiji, ranar wata Asabar da hantsi. Da aka sallame mu Hajiya ta ce wa mai mota Unguwar Shanu. Muka tarar an fito da tukunya tana kan wuta, Anti Rabi na kakkarya ganyen dalbejiya. Hannun Umma na hagu bai iya ɗaga bokiti ba, har yau ma bai iya ba, don haka a kujera 'yar tsugune ta yi kwana arba'in ɗin tana ba da umarni, tana faɗa an sirka ruwan da yawa, ni kuma ina cewa haka nas ta ce.

Amma ranar farkon, da muka shiga ɗaki, Umma ta zauna can ƙuryar gado ta cusa hannuwanta cikin mayafi. Ta leƙa fuskar yaron daga nesa ta yi masa addu'a. Takarda ta gamsar da Hajiya, ita kuwa tsoron bai gama sakinta ba.

Hajiya ta karɓi yaron daga hannuna, ta taka har gaban gadon.

"Miƙo hannu, Umman Hadiza."

"Hajiya, kin tabbata? Ɗanyen jiki ne fa."

"Asuba nawa na yi a kan keke saboda tambayar nan? Karɓi, hannuna ya gaji."

Ta ɗora mata shi a cinya ta ja da baya, ba yadda Umma za ta yi sai ta tare. Ta daɗe tana kallonsa. Can ta share ido da gefen mayafi ta ce, wannan ne mijin nawa, ya zo hannu rabbana ko cefane babu. Da Anti Rabi ta kawo mata tuwo ta ce a rufe a ajiye, hannunta ba sarari.